Inna Ta Ɗauko Jan Wake

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina gaishe ka da kyau. Ina lahiyarka, da ta mai ɗakinka da ɗiya? Ya aiki? Mu nan Lahodu sai godiya, ban da goshina da anka ɗinke.

Ka san tun harin da 'yan bindiga sunka kawo bisa babura bara, Inna in ta ji babur sai ƙarƙashin gado. To, masu binciken halayyar ɗan Adam sunka zo daga jami'a gwada wata hanyar cire tsoro ta zaman hira. Sunka zuba farin wake da ja a ƙwarya, kowa ya ɗauka ido rufe. Mai fari a fara da shi, mai ja ya jira bayan kaka. Inna ta ɗauko ja.

Ƙanenmu Murtala ya shaƙe babban malamin masu binciken, wai an zaɓi 'yan gata. Ni da na karanta abin na ce, "Kai jaki, in ba a bar wasu jira ba, da mi za a gwada a san hanyar tana aiki?" Ya saki malamin, ya fasa mani goshi da ƙotar fartanya. Na cire mashi haƙori. Samari sunka ragargaza gilashin motarsu.

Masu binciken sun tafi, ba su dawowa. Mai fari da mai ja duk ɗaya yanzu. Jiya babur ya wuce, ni da Murtala munka jawo Inna daga ƙarƙashin gado, ba wanda ya dubi wani.

Ka kira shi ka ja mashi kunne, in ni na yi magana jini zai sake zuba. Ka sa Inna a addu'a. A gaida Kawu Sada.

Ƙanenka,
Nasiru