Lambar da Likita Ta Zagaye

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Mu nan sai godiya, an gama yankan gero.

Yaya, na bi shawararki. Ran da na kwana uku da fara al'ada, Malam Sani ya kai ni asibiti a Kano aka ɗebi jini. Jiya muka koma karɓar sakamako. Takardar duk Turanci ce da lambobi, sai na ga likitar ta zagaye guda ɗaya da jan biro.

Ta ce, "Hajara, kina ganin ruwan nono?" Na sunkuyar da kai. Wata biyar ina ganinsa ina ɓoyewa, ina murna a raina wai alamar ciki ce. Ta ce a'a, sinadarin da ke kawo nono ne ya yi yawa a jinina, jikina ya ɗauka shayarwa nake, shi ya sa ƙwan haihuwa ba ya fita. Sauran lambobin kuwa ba laifi.

Ta rubuta mini magani, ta ce akwai sa rai, amma sai an sake gwaji. Ta ce shi ma Malam ya kamata a duba shi. Tun da muka dawo Minjibir har yanzu bai ta da maganar ba.

Shekara shida da aure ba haihuwa, Yaya. Yanzu sa ran ma tsoro yake ba ni. Ki sa ni a addu'a, kuma kada Inna ta ji tukuna. A gaida Goggo da su Ummi.

Ƙanwarki,
Hajara