Ƙorafi Kan Haɗin da Aka Hana Ni

Zuwa ga Alhaji, mai kyamis ɗin bakin tasha, Gumel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai, da jama'ar Gumel har zuwa Maigatari, cewa ranar Juma'ar da ta wuce an hana ni ƙwaya biyu a shagonka. Ni, malamin da ya koya wa rabin garin nan karatu.

Na ɗaya. Shekara ashirin ina zuwa in ce a haɗa mini na ciwon jiki, a zuba ja da fari da ruwan ɗorawa a leda, ba mai tambayata komai. Ran nan bayana ya riƙe, ga shi washegari ni ne waliyyin ango a Ɗanzomo. In ban je ba, ɗan ƙanena ba shi da mai karɓar masa aure. Sai sabuwar ma'aikaciyarka, Malama Hindatu, ta tambaye ni ko akwai maganin da nake sha. Na ce sifro ne, na taifot, kwana uku ke nan. Ta mayar da ibufurofen ɗin da ta ɗauko don haɗin cikin kwalinsa, ta miƙo mini farasitamol.

"Baba, waɗannan biyun ba sa shiri. Ka yi haƙuri."

Na biyu. A gaban mutane ta faɗa, ciki har da direbobi biyu da na taɓa kayarwa a jarrabawa. Ban taɓa ganin sun ji daɗin darasi kamar ranar ba.

Na uku. Na shiga mota da farasitamol da fushi. Ciwon bayan ya lafa tun kafin rabin hanya, fushin ne ya ƙi. Na karɓi aure, na miƙe daga tabarma ba wanda ya kama ni, na ci shinkafa kwano guda. Wurin cin ne na kai ƙara gun wani likita, tsohon ɗalibina. Ya ce haɗa sifro da ibufurofen kan jawo jijjiga, musamman ga wanda ya taɓa yi. Na ce ni ban taɓa ba. Da na shiga cikin gida na maimaita wa yayata Hajara, ta ce in rufe baki, sau biyu tana goya ni zuwa asibiti ina yaro, idona a kakkafe. Mata suka yi ta dariya, har da amarya.

Don haka roƙona: kada ka bari wani shago ya ɗauke maka Malama Hindatu. A dinga yi wa kowa tambayar nan, musamman direbobi. In kuma dattijo ne, a rage murya.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya ba Malama Hindatu miji mai jin magana, ya zaunar da angonmu lafiya.

Ita ce da gaskiya, Alhaji. Ni ne na yi kuskure.

Wassalam.