Igiya ta Huɗu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarSa. Ni ne autanki Sadi nake rubuto miki daga bakin gona. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, ko da tana zuwa ma sai kin nemi mai karanta miki boko. Amma akwai abin da na aikata da muryarki ba da izininki ba, kuma ba zan samu sukuni ba sai na faɗa miki.

Rani na biyu ke nan ba kya nan. An saki ruwa a babban kanal, ya bi ƙananan hanyoyinsa ya cika fangaloli, har in mutum ya sunkuya da safe sai ya ga sama a ƙarƙashin ƙafarsa. Balbelu sun dawo suna bin masu dashen shinkafa. Wani lokaci nakan hango wata mace daga nesa a kan gaɓa, da kwanon abinci a ka, in tsaya da fartanya a hannu har sai ta matso na ga ba ke ba ce.

Kin tuna 'yar baƙar wayarki mai madannai, wadda kika ɗaure bayanta da roba? Rediyonta ba ta kamawa sai an soka mata iyafis, abin sauraren nan mai igiya, don igiyar ita ce eriya. Bayan la'asar sai ki shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ki sa ɗaya a kunnenki, Baba ya sa ɗaya a nasa. Igiyar ba ta kai kamu biyu ba, dole kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Mu kuwa da muka tashi ba mu taɓa ganin kun haɗa tabarma ba, sai mu koma gefe muna ƙus-ƙus. Ki harare mu ki ce, "Ku ba ku ga igiyar ce gajeriya ba?" Baba kuma ya gyara hula ya ce, "Malamai sun ce igiyar aure uku ce. Mu tamu huɗu, ga ta huɗun nan." Sai ki ja mayafi ki rufe baki, ki ce mutumin nan ba ya jin kunyar 'ya'yansa.

Ranar da zan tafi Zariya koyon gyaran injin ban-ruwa na roƙe ki ki yi mini addu'a a wayata, in riƙa ji a can. Na danna miki ɗauka, sai aka yi sallama da ni a waje. Kika yi addu'arki a gajarce, kika ajiye wayar a kan turmi, kika ci gaba da aikinki, ba ki san tana nan tana ɗauka ba. Kusan awa guda ta ɗauka. Akwai ƙarar itace a murhu, da tafasar shinkafar da kike turarawa, da ke kina faɗa da akuyar nan mai yankakken kunne kamar wata sa'arki. Akwai 'yar waƙar da kike yi ƙasa-ƙasa in kin zaci ba mai jin ki. Can wajen tsakiya sai a ji takun takalmin Baba ya nufi ƙofa, sai muryarki: "Malam, kar ka yi nisa, abinci ya kusa." Shi kuma ya ce, "To." Na sha tsokanarki da wannan, har kika ce in goge, na ce na goge. Ƙarya na yi miki, Inna, ban goge ba.

Da ciwo ya kwantar da ke, ke ce kika fara lura Baba ya soma mantuwa, tun kafin mu mu gani. Kika kama hannuna kika ce, "Malam a fili ya yi rayuwarsa. Ko me za a yi, kada a rufe masa ƙofa." Na ce miki na ɗauka. A lokacin na zaci alkawari ne mai sauƙi.

Bayan rasuwarki mantuwar ta yi ƙarfi. Kullum sai ya tambaya ina kike, a faɗa masa, ya yi kuka kamar ranar ya fara ji, har muka daina faɗa masa. Sai ya shiga fita nemanki. A ransa kin taho kawo abinci gona kin ɓata hanya, kuma ƙafarsa ba ta kai shi ko'ina sai bakin ruwa. Maman Ladi, maƙwabciyarmu a gona, wadda suka zo daga Filato ita da mijinta, wadda kike aika wa tuwon Sallah ta aiko miki da shinkafar Kirsimeti, ita ta tsince shi a matakalar babban kanal, ruwa ya kai masa gwiwa, yana leƙen ƙetare. Ta shiga da zaninta ta riƙo shi tana cewa, "Baba, Mama ba ta bi ta nan ba, zo mu je gida." Ta kawo shi har gida.

A ranar ne Yaya Ɗanlami, ɗan farinki da ba ki taɓa kiran sunansa ba, ya sayo kwaɗon rufe ƙofa. Ba mugunta ba ce, Inna, tsoro ne. Cewa ya yi, "Gara ya yi kuka a ɗaki da mu je tsamo shi a gadar gaba." Na faɗa masa maganarki, na roƙe shi ya bar mini Baba in riƙa tafiya da shi gona. Ya daɗe yana juya kwaɗon a hannu, sannan ya ce, "Ya sake kaiwa bakin ruwan nan sau ɗaya, zan rufe, kuma kar ka yi mini magana." Ya rataye shi a ƙusar zaure, inda duk mai fita zai gani.

To amma yaya mutum zai yi ban-ruwa da ido ɗaya a kan kunya, ɗaya a kan tsoho? Sai in sunkuya buɗe wa ruwa hanya, in ɗago in ga ya miƙe.

A cikin kwanakin ne wayata ta mutu murus. Bayan na cire albasa na je Kura na sayi wata ta hannu, mai kyau, mai shagon ya kwashe mini duk abin da ke cikin katin ajiyar tsohuwar ya zuba a ciki. Na zaro iyafis ɗinki daga aljihu, don tun da kika tafi ni nake riƙe da shi. Na juya wayar sama, na juya ƙasa, na bi gefe da gefe da farce, babu 'yar ƙofar da ake soka shi. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Ai an daina yayin igiya, yanzu sai bulutut." Ya miƙo mini wani ɗan akwati kamar na ashana, da wasu abubuwa biyu a ciki, kowanne bai fi ƙwayar gurjiya ba. Wallahi haushi ya kama ni. Waya dai sunanta waya, amma an wayi gari babu ko zare a jikinta. Na dawo gida da igiyarki a aljihu, babu inda zan soka ta a duk duniya.

Da ƙyar na yarda na gwada su. Rannan na rataye rigata a rumfar gona, wayar na cikin aljihunta, na shiga fangali da ɗaya a kunne ina jin labarai. Ina kaiwa kunya ta huɗu sai maganar ta fara tsinkewa, na ƙara taku biyu ta ɗauke ɗif. Na ja baya, ta dawo. Na yi gaba, ta tafi. Na tsaya a cikin taɓo ina kai da komo kamar wanda aka yi wa asiri, har Maman Ladi ta ɗago daga dashe tana tambayata ko lafiya. Ashe sabuwar wayar ma tana da igiya, Inna, ido ne kawai ba ya ganinta. Na ƙirga, taku ashirin da 'yan kai ce. Daga rumfar zuwa bakin kanal kuwa ya ninka haka sau uku.

Washegari na zaunar da Baba a rumfa, na ɗaga hularsa na sa masa ɗaya a kunne. Ya shafa wuyansa ya ce, "Ina igiyar?" Sai kawai na kunna masa ke.

Ban taɓa ganin fuska ta buɗe haka ba. Ya ji murhu, ya ji akuya, har ya yi dariya ya ce, "Da ma na ce a sayar da ita." Da kika zo wurin "Malam, kar ka yi nisa," sai ya ce "To," daidai lokacin da Baban cikin wayar yake cewa to. Na juya baya na yi kamar ina gyara bakin fartanya, don kar ya ga idona.

Can sai ya miƙe ya nufi ruwa, kamar kullum. Na bar shi, ina biye da shi daga nesa. Ya wuce kunya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ya ja ya tsaya. Ya karkata kai. Ya ƙara taku, ya dawo da baya, ya sake gwadawa. Sannan ya juyo a hankali ya koma rumfa ya zauna. Ya ce mini, "Innarku tana nan wajen. Can babu ta."

Wata uku ke nan haka muke. Ɗaya a kunnensa, ɗaya a nawa, ke a tsakaninmu kina ta turara shinkafar da ba ta taɓa gama turaruwa. Wani lokaci iska kan kaɗa shukar ta kwanta ta tashi daidai da waƙarki, in rasa a wace shekara nake. Kwaɗon Yaya ya bar ƙusar zaure, yana ƙofar ɗakin taki.

Amma abin yana damuna. Kin ce kada a rufe masa ƙofa, ban rufe ba, sai dai na ɗaure shi da muryarki kamar yadda ake turke dabba, kuma na bar shi yana zaton kina bayan zana. Na sha kwana da tambayar ko cika alkawari na yi, ko dabarar karya shi na samo.

Ranar Laraba da ta wuce masu sayen tumatir suka zo daga Kadawa. Na cire nawa na sa a aljihu, muka shiga ciniki, na manta shaf ban yi wa abin caji ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na waiwaya, tabarma ce kawai a rumfa, da takalminsa ƙafa ɗaya.

Na jefar da kwando na zura da gudu, ba kanal nake gani ba, kwaɗon nan nake gani. Ban yi nisa ba na hango shi. Yana tsaye a kan kunya ta huɗu, yatsun ƙafarsa daidai bakinta, ya zuba hannuwa a baya yana kallon balbelu a ƙetaren ruwa. Na zare abin daga kunnensa na kai nawa. Babu komai a ciki, ya daɗe da mutuwa. Na ce, "Baba, ai ta yi shiru." Ya dube ni kamar ni ne mai mantuwar, ya ce, "Ta gaji ne, ta ɗan kwanta. Amma ai ta ce kar in yi nisa."

Mutumin da ya manta sunana, Inna, ya manta ranar Juma'a, ya manta ya ci abinci, amma bai manta maganarki ba. Na kama hannunsa muka koma rumfa, na ciro tsohuwar igiyarki na ba shi. Ya warware ta a tsanake, ya sa ɗaya a kunnensa, ya ajiye ɗayan a kan tabarma a gefensa na dama, sannan ya ɗan matsa ya bar wuri.

Ki yafe mini ƙaryar gogewa, ki yafe mini aron muryarki. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi fiye da filin nan da ke gabana, Ya shayar da ke ruwan da ya fi wannan sanyi. Allah Ya ba ni ikon riƙe miki Malam a fili har ranar da za a kira shi, Ya sa a can ma tabarmarku ɗaya, ba sai kin fake da gajartar igiya ba. Amin.

Naki har abada,
Autanki Sadi.