Inda Zan Yi Dariya

Samaru, Zariya

Zuwa ga ƙanina Raphael,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin koyarwa, yaya iyali? Mu nan, maigidana Elias lafiyarsa ƙalau, yana zuwa aikinsa a Chikaji. Mama ce ƙafarta ta sake kumbura. Ɗana Felix ya yi zazzaɓi, ya warke. 'Yata Peculiar kuwa lafiya har ta yi mata yawa. Ni ce dai ba na jin daɗi, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Na rubuto da hannuna na ba direba, domin Peculiar ce ke buɗe mini saƙon waya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ka tuna bara yarinyar nan ta faɗi jarrabawar rubutun Turanci, har ka yi mata faɗa? Yanzu malaminsu yana karanta nata a gaban aji. Da na je yi masa godiya, ya ce ba shi ba ne, in gode wa Madam Folasade. Wata tsohuwar malama ce a unguwar Muchia. Duk Asabar tana tara yara a barandarta, ta tura su kasuwar Sabon Gari su kalli mutane, su dawo su rubuta abin da suka gani. Ba ta karɓar komai. Na nemi laifinta, Raphael, ban samu ba, shi ya fi ba ni haushi.

Da can Asabar tawa ce. Muna suyar awara tare, tana karanta mini Zabura da Hausa. Yanzu da safe ta hau keke-napep ta tafi, ta dawo bakinta cike da Mummy Fola. Mummy! Ni da na yi naƙuda ana ce mini Mama kamar kowace mai talla. Wata Asabar na ce kaina na ciwo don ta zauna. Ta zauna, ta yi aikin duka, amma ban ji muryarta ba har yamma.

Shekaranjiya Madam Folasade ta gan ni a kasuwa, ta rungume ni. Da Hausarta mai karyewa ta gaya mini Peculiar ta yi rubutu a kaina, wai ta san waƙar da nake yi in ina tace waken suya, wai wani wurin ya sa ta dariya har da hawaye. Na yi murmushi kamar na sani. Baƙuwa ta shiga kicin ɗina ta ƙofar da ni ban iya buɗewa ba.

Za a karanta rubutun a coci ranar bikin iyaye mata, Lahadin ƙarshen wata, kuma an gayyaci Folasade. Na ɗauko takardar daga jakar Peculiar ba ta sani ba, na kai shago an yi mini kwafi, ga shi a ciki. Da Turanci ne; na gane sunana da kalmar awara, sauran duhu ne. Ba zan roƙi 'yata ta fassara mini kaina ba.

Don Allah ka juya mini shi da Hausa, da manyan baƙaƙe, ka ja layi a wurin dariyar. Ka aiko kafin Lahadin ƙarshen wata. Ba na so in zauna ina kallon bakin Folasade kafin in san lokacin da zan yi dariya.

Ka gaida matarka da yara. Allah ya kiyaye ku.

Yayarka,
Susanna