Ƙarfen da ke Bakin Ƙofa

Laraba, 12 ga Oktoba, 2016. Tompkinsville.

Yau na je garejin Issaka a Port Richmond domin duba motar tseren mijina, marigayi Malam, wadda ake gyara mini don in riƙa hawa titi da ita. An sa mata fitilu da hon da sigina, an kuma canja salansa. Saura tayoyin titi, sannan hukuma ta duba ta, ta ba ta lamba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne na tarar da ɗana Sadiq a can. Ashe shi Issaka ya kira, ba ni ba, alhali ni ce mai motar.

Sadiq ya nuna ƙarafan kariya da suka gitta bakin ƙofa, ya ce, "Mama, da wannan gwiwar za ki tsallake su? Mu sayar kawai, ni zan riƙa kai ki unguwa."

Wato in koma jiran ranar da ya sami sarari.

Issaka ya ce, "Hajiya, ko in yanke ƙarfen ne?"

Na ce, "Malam ne ya yi waldarsa da hannunsa. Kada ka taɓa."

Na miƙa wa Sadiq jakata, na tattare zanena, na dafa rufin, na zura ƙafa, na zauna. Ban bari kowa ya riƙe ni ba. Daga ciki na ce a sayo tayoyin.

Yanzu gwiwar ta kumbura, zafi har ƙugu. Na shafa man zafi, na buɗe taga duk da sanyi don kada warin ya kwana, saboda Sadiq zai biyo da safe.