Gemun Eckhard

Zuwa ga ɗana Malte,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Mun ji a rediyo wasan Asabar shi ne na ƙarshe, daga shi sai ritaya. To, ka saurare ni da kyau.

Ka san ranar da ka sa hannu a kwantiraginka na farko ubanka ya miƙe a majalisarsu ta gidan giya, ya rantse ba zai aske gemu ba sai ka ci ƙwallo. Kowa ya tafa. Babu wanda ya tuna masa cewa kai mai tsaron baya ne, irin wanda ko tsakiyar fili ba ya ƙetarewa. Yanzu gemun ya kai cibiya. Jiya ya faɗa cikin miyar dankali, na ce, "Eckhard, kai za ka sha ko shi?" Ya ce, "Raba mana."

In ka yi ritaya ba ka ci ba, da gemun nan za a binne shi, don ka san taurin kansa. Ni na auri mutum mai fuska, kuma wallahi ina kewarta. Ƙwallo ɗaya tak nake roƙo, ko da gwiwa ce, ko da ƙeya.

Ka riƙa sa rigar sanyi.
Mahaifiyarka, Hannelore

*

Malte,

Ina gaisuwa. Kada uwarka ta san na rubuto.

Ka tsaya a bayanka inda koci ya ajiye ka. Cin ƙwallo aikin 'yan gaba ne, masu gyaran gashi. Kai aikinka ka hana, kuma ka iya.

Maganar gemu, ba ya damuna. Duk inda na shiga, jirgin ƙasa ko asibiti, sai wani ya ce, "Baba, wannan gemu fa?" Ni kuma in gyara zama in ba shi labarinka tun daga filin ƙauye. Wata mata ta wuce tasharta tana saurare. In aka aske, wa zai tambaye ni?

Ka gaishe da golanku, ka ce ya rage fitowa.
Babanka

*

Mama da Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa. Na haɗa muku amsa a takarda ɗaya, don wasiƙunku rana ɗaya suka iso, da tambarin gidan waya ɗaya. Baba, ka yi haƙuri, asiri ya tonu.

Kun sa ni a tsakiya. Tsawon aikina na karya hanci, na rasa haƙori, na tare ƙwallo da wuraren da ba a faɗa a wasiƙa, amma ban taɓa shiga matsi irin wannan ba. Kuma kun manta abu ɗaya: in ba mu ci wasan nan ba, ƙungiya za ta faɗa rukunin ƙasa, har mai wanke mana riguna sai ta rasa aiki.

Kyaftin ya ce in aka samu fenareti ni zan buga, wai haka ake sallamar tsoho. Na ce masa rabona da bugun fenareti tun ina makaranta, kuma ranar tagar malami na fasa. Ya ce, "Dattijo, rufe ido kawai ka yi, raga ba ta gudu."

Na ajiye muku tikiti. Ku zauna tare, don Allah.
Ɗanku, Malte

*

Ɗana,

Gaisuwa da murna! Ba mu samu ganinka bayan wasa ba, jama'a sun ɗauke ka sama, shi ya sa na rubuto.

Da alƙalin wasa ya nuna fenareti na kama hannun ubanka, ashe gemun na kama. Ka taho da gudu kamar mai korar akuya daga gona, ka zame, ka faɗi zaune, ƙwallon ta gangara a hankali har cikin raga, gola kuwa ya riga ya yi tsalle ɗaya gefen. Ban taɓa ganin ƙwallo mai muni haka ba, kuma ban taɓa jin daɗin wata kamarta ba.

Ka san wa ya fi kowa ihu? Ubanka. Ya hau kujera yana cewa, "Ɗana ne! Ɗana ne!" Sai da ya sauko ya tuna da rantsuwarsa, ya shafa gemu.

Gobe Jochen mai aski zai zo majalisa da ƙaton almakashin gyaran shinge, don tsokana.

Ka ci abinci sosai.
Mama

*

Malte,

Ina gaisuwa. An aske.

Uwarka ta daɗe tana kallona, ta yi kuka, sannan ta ce ashe haɓar tawa ƙarama ce. Iska na shiga ta ko'ina.

Yau na shiga jirgin ƙasa zuwa gari, babu wanda ya ko dube ni. Na jira, na jira. Da na gaji sai na taɓa saurayin da ke kusa da ni, na ce, "Yaro, cire abin jin waƙar nan daga kunne. Ka kalli wasan Asabar?"

Ka zo gida.
Babanka