Zaren da Ke Wuyan Kwalabe

Zuwa ga 'yar ƙanina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan kalau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani. Ni ke faɗa, gwaggonki na rubutawa, kin san ni da biro ba ma ga maciji.

Na ji wai za ki fasa neman tallafin gwamnati na binciken ciwon ƙoda, don Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, shi ma ya nema. Kul! Shekara talatin ina wankin kwalabe a ɗakin gwajin nan, komai a idona aka yi. Mahaifinki ya shekara bakwai yana bin marasa lafiya gida-gida yana ɗibar jini. Ranar miƙa takardun binciken, Farfesa ya cire sunansa ya sa nasa. Da wannan baƙin cikin ƙanina ya kwanta dama.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shekaranjiya sai ga mutumin a ƙofar gida, yana washe baki, wai ni ne babban yaya. Ashe sanyin firji ya cinye rubutun jikin kwalaben jinin da mahaifinki ya tara, hukuma kuwa ta ce ba tallafi sai an nuna inda aka ɗebo kowane jini, da shekararsa. Shi ne ya tuna zaren da mahaifinki ke ɗaura mini a wuyan kwalba saboda ban iya karatu ba: launi na nuna unguwa, ƙulli na nuna shekara. Da can Farfesa dariya yake, wai aikin jahilai. Na ba shi kujera, na ba shi ruwa, na ce tsufa ya tafi da tunanina. Ya fita yana sharce gumi.

Allah Ya yafe mini, ko ƙulli ɗaya ban manta ba. Gwaggonki ta rubuta duka, ga shi haɗe da wasiƙar nan. Jinin mallakar ma'aikatarmu ne, ba gadon Farfesa ba, wanda ya iya karanta zaren shi za a ba mabuɗin firji. Ki cike takardunki kafin ƙarshen wata, ki sa sunan ubanki a shafin farko, da manyan baƙaƙe. Ba na roƙon mutuwar Farfesa. So nake ya yi tsawon rai, ya sa tabarau, ya karanta.

Gwaggonki da yayyenki suna gaisuwa. A shafa mini kan mai sunan ƙanina.

Naki,
Baffanki mai wankin kwalabe.